Fankar lagireton mashin ɗina taƙi tashi, wai a wane zafi ya kamata ta kunna kanta?

Sabon_Mahayi:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar babura, don Allah ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka riga mu shiga harkar. Na sayi mashin na hannu, 600cc mai silinda huɗu, irin mai lagireto ɗin nan, kuma wannan ne karo na farko da na riƙe mai ruwa, duk waɗanda na hau a baya iska ce take sanyaya su, babu ruwanka da wani lagireto balle fanka.

Abin da yake damuna shine tunda na karɓe shi ban taɓa jin fankar nan ta tashi ba. In ina kan titi ina tafiya mita tana nuna min 78 zuwa 85 haka, lafiya lau, amma da zarar na shiga gosulo na tsaya sai lambar ta fara hawa, 90, 94, 97, har 99 na gani, ga zafi yana dukan cinyoyina ta gefen tanki, ni kuma da naga ta doshi 100 sai gabana ya faɗi in gangara gefen titi in kashe shi, saboda abin da muka sani tun muna makaranta shine ruwa a digiri 100 yake tafasa, to in ya tafasa a cikin injin ai shikenan an gama. Abin da ya ƙara ɗaure min kai ma, bayan na kashe in na sake murɗa makulli in duba sai naga lambar ta ƙaru maimakon ta ragu.

Wanda ya sayar min yace fankar ƙalau take, amma kun san mai sayarwa ba zai ce kayansa da matsala ba. Na leƙa da tocila na ganta a bayan lagireton, na saka yatsa na juya ta tana juyawa ba wani abu da ya riƙe ta.

Tambayata dai, a wane zafi ya kamata ta tashi? kuma ta yaya zan tabbatar tana aiki ba tare da na ƙona injin wajen gwaji ba? Ba ni da littafin kamfani, ba a haɗo min da shi ba. Nagode.

Dan_Gudu_600:

Wa alaikumus salam. Malam kwantar da hankalinka, kai kake hana ta tashi, kana kashe mashin ɗin kafin lokacinta yayi. Irin waɗannan na gudun da yawansu sai sun kai wajen 105 fanka take kunnawa, ta sauko da shi 100 ta mutu, haka Suzuki GSX-R yake haka Yamaha R6 ma yake. 99 ba komai bane a wajen injin ɗin nan. Amma dai ka daina saka yatsa a cikinta in injin da zafi, ba ta sallama kafin ta tashi.

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Ɗana, abin da ɗan uwanka ya faɗa maka a sama haka yake, amma bari in ɗan warware maka don tsoron ya fita daga ranka gaba ɗaya, don in ba ka fahimci yadda abin yake aiki ba ko an ce maka 105 ba matsala, ranar da ka gani a mita sai hannunka ya kai kan makulli.

Da farko maganar tafasa. Gaskiya ne ruwa yana tafasa a 100, amma wannan ruwan da yake a buɗe ne. Na cikin mashin ɗinka a rufe yake ruf, kuma murfin lagireton nan ba murfi bane kawai, akwai sifirin a cikinsa da yake danne ruwan. Je ka duba samansa zaka ga an rubuta 1.1, wasu 0.9, wasu kuma 1.3 ko sama da haka, wannan shine ƙarfin matsin da yake riƙewa kafin ya buɗe ya sake rarar ta tafi ƙaramar robar ajiya ta gefe. Idan ruwa yana cikin matsi baya tafasa da wuri. Da murfin 1.1 ko ruwa zalla ne sai ya haura 120 kafin ya tafasa, in kuma kulan ne, wato ruwan sanyaya injin na musamman, da aka gauraya rabi da rabi da ruwa to sai ya doshi 130. Shi kulan ɗin ko ba murfi ma sai wajen 107 yake tafasa. Kaga kenan tsakanin 105 da inda haɗarin yake akwai tazara, kuma masu ƙera injin da gangan suka bar ta.

Na biyu, sanyaya injin hawa-hawa ake yinsa. Da safe in ka tayar, tamostat, wato 'yar ƙofar da take tsakanin injin da lagireto, a rufe yake, ruwa baya zuwa lagireto, a cikin injin kawai yake zagayawa don ya ɗau ɗumi da sauri. In ya kai wani mataki, yawanci tsakanin saba'in da wani abu zuwa tamanin da 'yan kai, ya danganta da mashin, sai tamostat ya fara buɗewa ruwa ya ratsa lagireto, iskar da kake ketawa ta kwashe zafin. Shi yasa kake ganin 78 zuwa 85 a kan titi, wannan lambar aikin tamostat ne da iskar hanya, fanka ba ta da hannu a ciki, kuma ni wannan lambar ma ita ta gaya min lagiretonka da famfon ruwanka lafiyarsu ƙalau. Ita fanka an saka ta ne saboda abu ɗaya, lokacin da mashin ya tsaya cak ko yake rarrafe babu iskar da take ratsa lagireto, ga famfon ruwa shima da juyin injin yake tafiya, a silo a hankali yake turawa. To a nan ne zafin yake taruwa, ita kuma tana jira sai ya kai lambar da aka saita mata ta tashi ta zuƙo iska ta cikin lagireton zuwa baya. Mutumin da kullum a buɗaɗɗen titi yake tafiya zai iya daɗewa bai ji kukan fankarsa ba, kuma ba laifin komai.

Lambar kuwa ba ɗaya bace a duk babura, kar wani ya rantse maka. Akwai masu tashi a casa'in da wani abu, 96 ko 98 haka, akwai masu jira sai 100 zuwa 105. In ka ɗauka cewa daga 95 zuwa 105 ne ba ka yi nisa da gaskiya ba. Kuma ba a lambar da ta tashi take mutuwa ba, sai zafin ya sauka da kamar digiri biyar, da ba a yi haka ba da ta riƙa kunnawa tana mutuwa duk bayan daƙiƙa kaɗan har rile, wato makunnin da yake ba fanka wuta, ya gaji. In mitarka ta Amurka ce mai F, wato ma'aunin Fahrenheit, to 212 shine 100, 221 kuma shine 105, na faɗa ne don akwai masu ganin 220 su ɗauka injin ya kama da wuta. Ka nemi littafin gyara na samfurin naka a intanet, a sashen sanyaya injin zaka ga ainihin lambar kunnawa da ta mutuwa a rubuce.

Batun da kace kana kashewa lamba tana ƙaruwa, wannan ba aljanu bane. Da ka kashe injin famfo ya tsaya, ruwan ya tsaya wuri ɗaya, shi kuma ƙarfen kan silinda har yanzu da zafinsa a jiki, sai ya juye wa ruwan da yake kusa da shi, sansa mai auna zafin kuma a wajen take zaune, dole ta karanta sama na 'yan mintuna kafin ya fara sauka. Duk injin mai ruwa haka yake yi. Wato kashewar da kake yi a 99 ba wani ceto kake yi masa ba, batir da kik ɗinka kawai kake wahalarwa.

Ga yadda zaka gwada. Ka bari sai injin ya huce sarai, da safe yafi, ka duba robar ajiya ruwan yana tsakanin layin ƙasa da na sama, sannan ka buɗe murfin lagireton shima ka leƙa, ya kamata ka ganshi cike har wuya, don roba tana iya nuna cike alhali lagireto da saura. Ka rufe da kyau. Ka fito da shi waje inda iska take, kar ka yi wannan a cikin ɗaki ko gareji a rufe, hayaƙin salansa yana kashe mutum ba tare da ya ji warin komai ba. Ka tayar ka barshi a silo, kar ka yi ta murza totur, ka ja kujera ka zauna idonka akan mita. Zai hau a hankali, ka daure ka barshi ya wuce 100. In ta tashi a 103, 104, 105, magana ta ƙare. In ya kai 108 zuwa 110 shiru, ko jar fitila ta kawo, to kashe shi, a nan ne muka san akwai abin dubawa, kuma a wannan lambar ba abin da ka ɓata.

Gargaɗi ɗaya wanda ba na wasa da shi, kar ka kuskura ka taɓa murfin lagireto da zafi. Ruwan da yake 105 a cikin matsi, da ka sassauta murfin nan take zai tafasa ya yi tsartuwa a fuskarka da hannunka, na ga fatar da ta saɓule saboda wannan.

Ba_Wasa_77:

Ni dai duk wannan dogon turancin ban yarda da shi ba, da girmanka baba. Waɗannan lambobin turawa sun yi su ne don ƙasashensu masu sanyi, wanda yake tuƙi cikin rana mai zafi ya zauna yana jiran 105? haba. Ni nawa tuni nasa aka haɗa min fanka dairek da makulli, ina murɗawa take tashi, kuma aka cire tamostat ɗin aka yar, tun daga nan a kan titi mita bata ƙara wuce 70 ba, ko a gosulo da ƙyar take taɓa 85. Sabon_Mahayi ka kai a yi maka haka ka huta da fargaba, injin da sanyi ai yafi daɗewa, wannan ko yaro ya sani.

Mai_Rewaya:

Oga Ba_Wasa ka yi haƙuri amma wannan shawarar kar ka ƙara ba wani ita, mashin ɗinka ne kayi yadda kaga dama da shi amma kar ka ja bawan Allah da yake da lafiyayyen inji.

Injin da sanyi baya daɗewa, akasin haka ne ma. An auna fistin da zobba da bangon silinda ne akan yadda zasu zauna in sun ɗau zafi sun buɗe, mafi yawan cin da injin yake yiwa kansa a lokacin da bai gama ɗumi bane. Sannan in mai alluran mai ne, wato injekta, kwamfutar tana kallon sansar zafi, muddin taga sanyi zata ci gaba da ƙara fetur a zatonta har yanzu safiya ce ana ɗumama inji, sai ka ga shan mai ya ƙaru, fulogi suna baƙi, rarar fetur ɗin tana wanke bakin mai daga jikin silinda tana gangarawa ƙasa tana tsinka shi, ga kuma laimar da take taruwa a cikin bakin mai wadda sai da zafi sosai take ƙonewa ta fita. Kai kana murna mita tana 65 kan titi, ita kuwa ɓarnar a hankali take tafiya ba zaka ji ta yau ba.

Cire tamostat ma in ka lura ba abin da yake ƙara maka a gosulo, saboda kafin a kai 95 ɗin nan shi tamostat ya riga ya buɗe gaba ɗaya, hanya a wangale take, da shi da babu duk ɗaya ne a wannan lokacin. Inda cirewar take aiki shine da safe da kuma kan babban titi, daidai wuraren da ba a son injin ya yi sanyi. Saukin da ka gani a gosulo na fankar ne, ba na cire tamostat ba. In tamostat ya maƙale a rufe ai canza shi ake yi, ba a yar da shi a bar gurbin.

Ita kuma fanka dairek matsalarta biyu. Motar cikinta ƙarama ce mai burushi, an yi ta ne ta yi aikin 'yan mintuna ta huta, in ka sa ta aiki daga fita har dawowa to ranar da zata mutu a gosulo zata mutu maka, kuma ba zaka sani ba tunda ka daina kallon mita. Na biyu caji. Wutar da kwayil yake bayarwa a silo kaɗan ce, ga fitilar gaba, ga famfon mai, ga fitilar burki da kake danne da ita, ka ɗora fanka a kai ba hutu, batir ne yake biyan bashin. Sannan kana murɗa makulli tana fara jan wuta tun kafin ka danna kik. A kan gudu kuwa aikin banza take yi, iskar da take dukan lagireto a gudun kilomita 80 ta ninka abin da fankar zata iya jawowa nesa ba kusa ba.

Maganar ƙasashen sanyi kuma, su masu ƙerawar suna sayar da mashin iri ɗaya a wurare masu tsananin zafi kuma suna gwada shi a zafin. Bambancin da zafin gari yake kawowa shine fanka zata riƙa tashi da wuri-wuri kuma ta daɗe kafin ta mutu, shikenan.

In mutum ya matsu sai ya samu iko a hannunsa, akwai hanya mai tsafta, a saka ƙaramin makunni a gefe wanda zai iya tada fankar da hannu amma a bar tsarin kamfani yadda yake, ko ka manta ita zata tashi da kanta in lokacinta yayi. Masu shiga daji da tudu a giya ɗaya suna yin haka. Ko kuma a tsofaffin babura a canza suwic ɗin zafi da wanda yake kunnawa ƙasa kaɗan. Wannan na yarda, amma yanke waya a haɗa dairek a'a.

Sabon_Mahayi, in kayi gwajin da baba ya faɗa maka bata tashi ba, ga yadda muke bi, daga mai arha zuwa mai tsada. Fiyus tukuna, buɗe akwatin fiyus zaka ga wanda aka rubuta FAN a murfin, yawanci 10A ko 15A, ɗaga shi a haske ka ga ko zaren ya tsinke. In ya tsinke kar ka saka sabo ka tafi, tambayi kanka me ya ƙona shi, sau da yawa ɗan tsakuwa ne tayar gaba ta watso ya maƙale tsakanin fiffiken fankar da gidanta, ko busasshen taɓo, tana so ta juya ta kasa sai fiyus ya tafi. Kuma don Allah kar a naɗa masa waya ko a saka wanda ya fi shi lamba. In fiyus lafiya sai ka zare soket ɗin fankar ka bata wuta kai tsaye daga batir da wayoyi biyu, in ta juya da ƙarfi ita ba ta da laifi, in tayi shiru ko tana juyi a kasalance tana ƙara to motar ta gaji.

Daga nan sai ka san wane irin tsari ne naka. Tsofaffi masu kafireto yawanci suwic ɗin zafi ne a ɗaure a jikin lagireton kansa, kamar babban noti mai waya. In waya biyu ce ka zare soket ka haɗa bakin biyun da guntun waya makulli a kunne, in ɗaya ce ka taɓa ta a jikin ƙarfen mashin, fanka ta tashi to suwic ɗin ne ya mutu. Na zamani kuwa yawancinsu babu wannan, sansa ce a jikin injin take gaya wa kwamfuta zafin, kwamfuta ta ja rile, rile ya ba fanka wuta. A irin wannan kar ka yi ta haɗa wayoyi barkatai kar ka ƙona abin da yafi fankar tsada, rile kawai zaka gwada, in akwai wani irinsa sak a kusa ka musanya su ka gani. Tunda mitarka tana nuna lamba mai ma'ana, sansar da wuya ace ita ce.

Wani abu da yake ruɗa mutane, in ruwa yayi ƙasa ko iska ta maƙale a ciki bayan an canza kulan, suwic ɗin da yake saman lagireto yana zama a cikin iska maimakon ruwa, injin yana ƙuna shi kuma bai ji komai ba, sai a ɗora wa fanka laifi a sayi sabuwa. Shi yasa baba yace ka fara da duba ruwa.

Masu son gwada suwic ɗin a tukunya da mita kuma, ku tuna in na 105 ne ruwa zalla ba zai taɓa kai shi ba, zai tsaya a 100 yana ta ɓararraka kuce suwic ya mutu alhali lafiyarsa lau. Da mai ake gwada irin wannan.

Ba_Wasa_77:

Toh naji, maganar batir ɗin dai akwai ƙamshin gaskiya don nawa baya daɗewa. Amma tamostat ɗin ni har yanzu ban gamsu ba, mu zuba mu gani.

Sabon_Mahayi:

Jama'a Allah ya saka da alheri, baba Tsohon_Bakanike Allah ya ƙara girma. Na yi gwajin da safe kamar yadda kace, ruwa cike yake har wuya, kore ne, murfin kuma 1.1 aka rubuta. Na barshi a silo ina zaune, wallahi da ya kai 100 sai da na riƙe hannuna da ɗayan hannun, 101, 102, 103, yana taɓa 104 sai naji ƙas daga ƙarƙashin kujera, sai wuuu fanka ta ɗauka, fitilar gaba ta ɗan yi ƙasa kaɗan ta dawo, iska mai zafi ta bugo min ƙafa. Lambar ta tsaya jim a 104 sannan ta fara sauka, tana kaiwa 99 ta mutu. Na barshi ya sake hawa ya sake yin haka daidai.

Amma naga abu biyu, ruwan robar gefe ya hau sama da inda yake da safe, har ya kusa layin sama, shin wannan daidai ne? Sannan da na duƙa na kalli gaban lagireton sosai naga ƙasansa duk taɓo ne ya bushe a tsakanin siraran ƙarafan, wasu ma sun lanƙwashe, in na haska tocila ta baya hasken baya fitowa ta wajen.

Tsohon_Bakanike:

Madalla, ka ji da kunnenka yanzu. Wancan ƙas ɗin rile ne, dusashewar fitila kuma fankar ce ta ja wuta lokacin tashi, duk daidai ne.

Hawan ruwan roba shima aikinsa kenan, ruwa in ya ɗau zafi yana kumbura, murfin ya sake rarar ta tafi roba, in injin ya huce ya zuƙe abinsa ya mayar. Gobe da safe ka duba, in ya koma inda yake to murfinka lafiya. In kullum roba tana cika ba ta komawa, ko tana amayar da ruwa ƙasa, murfin ake fara zargi, robar bakinsa ko sifirin ya saki, shine abu mafi arha a duk tsarin amma shi mutane suke mantawa da shi.

Taɓon nan kuwa ka wanke shi, don duk inda haske baya wucewa iska ma ba ta wucewa, kamar mutum ne da mura ta toshe masa hanci ɗaya. Injin a sanyaye, ka jiƙa shi ya yi laushi, sannan ka zuba ruwa a hankali daga baya zuwa gaba don dattin ya fita ta inda ya shigo. Kar ka bari mai wankin mota ya saita masa injin feshi mai ƙarfi, shi yake kwantar da ƙarafan. Waɗanda suka lanƙwashe ka miƙe su da ɗan siririn sukundireba a hankali, ba ka taɓa bututun da ruwa yake bi ba, alminiyon ne, ƙaramin kuskure ya huje.

Tunda na hannu ne kuma ba ka san yaushe aka zuba kulan ɗin ciki ba, ni da zan canza shi, yawancin kamfanoni shekara biyu suke cewa, wasu uku. Ka nemi wanda aka rubuta ya dace da injin alminiyon kuma babu sinadarin silikat, saboda kar ya cinye sil ɗin da yake hana famfon ruwa yoyo. In mai gauraya ne da tataccen ruwa ake haɗawa irin na batir wanda babu asid, ruwan famfo yana barin farin dutse a cikin bututun. Tsohon da ka juye kar ka barshi a buɗe a ƙasa, zaƙi gare shi kuma guba ne, yara da dabbobi suna iya sha.

Sannan ka riƙe wannan don gaba: in zafi yana hawa a tsaye amma yana sauka da ka fara tafiya, wajen fanka zaka duba. In kuwa kana kan gudu ne lamba take hawa, ka ƙyale fanka, matsalar tana wajen ruwa, tamostat, famfo ko toshewar lagireto. In kaga kumfa tana ɓulɓulowa a roba injin yana aiki, ko bakin mai ya koma fari-fari, ko farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi daga salansa bayan injin ya ɗau zafi, to wannan gasket ɗin sama ne, a ajiye mashin a kira mai gyara.

Hajiya_Mai_Sikuta:

Sannunku da ƙoƙari, nima bari in saka tawa tunda an buɗe maganar. Tawa sikuta ce mai ruwa, ba ta nuna lamba sai 'yan sanduna, kuma ni matsalata akasin tasa ce, 'yan kwanakin nan ina murɗa makulli da safe fanka take tashi tun injin da sanyi, ga wata fitila ruwan ɗorawa da take kawowa a mita, da ba haka take ba. Wannan ma daidai ne ko in kai ta?

Mai_Rewaya:

Hajiya wannan kam ba daidai bane, a kai ta. Tunda fitilar injin ta kawo tare da fankar, na fi zargin sansar zafi ko soket ɗinta, babura da yawa masu kwamfuta in suka daina jin sansar sai su kunna fanka su barta tana ta aiki don kare injin, tunda basu san zafin da ake ciki ba. Wani lokaci ba komai bane illa soket ɗin ya sassauta ko ruwan wanki ya shiga ya yi tsatsa, ko ɓera ya ci wayar. Da rile ne ya maƙale yawanci fanka zata yi ta juyawa amma fitila ba zata kawo ba. Ki ce wa mai gyaran ya fara karanta kod ɗin da kwamfutar ta ajiye kafin ya kwance komai, kuma kar ki yarda ya zare soket ɗin fankar yace ya gyara. Kafin ki kai ta ki duba ruwan roba da safe, in yana kan layi zaki iya hawa zuwa wajen gyaran a hankali, amma kar ki dogara da sandunan mitar a yanzu don daga wannan sansar suke samun labari.